Numfashin Injin Tsohuwar Mota: A Wanke Bawul, A Sauya, A Sa Gwangwani, A Zare Tiyo, Ko A Sauke Inji?

Tsohuwar mota in ta fara rawa a sulo, tana ɗaukewa duk sanda aka tsaya a danja, baƙin mai na tsattsafowa ta gefen murfin bawul, ga akwatin matatar iska ya jiƙe da maiƙo, to masu ba da shawara ba sa kaɗan. Wannan ya ce a ciro bawul ɗin PCV, wato ɗan bawul ɗin da ke fitar da tururin da ke taruwa cikin inji, a wanke shi. Wancan ya ce a yar da shi a sa sabo. Wani ya ga ana ɗaura wa motocin tsere gwangwanin tare mai, ya ce ai shi ne magani. Wani bakaniken kuma ba ya doguwar magana: zai zare tiyon bawul ɗin ya saki bakinsa yana kallon ƙasa, ya toshe ramin da ya rage a manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska. Na ƙarshe zai buɗe murfin zuba mai, ya ga tururi na tashi, ya kaɗa kai ya ce ringi sun gama yawo, sai an sauke inji.

Babu wanda ya yi ƙarya gaba ɗaya a cikinsu. Kowace hanya tana da motar da ta dace da ita. Abin da ke rikita mai mota shi ne alamomin kusan ɗaya ne, kuɗin kuwa ba su haɗa hanya ba: ɗaya aikin minti goma ne, ɗaya kuma yana iya cin abin da ya kusa kuɗin motar kanta.

Me tiyon nan ke yi tun asali

Ko injin da ya fito daga kamfani jiya, ringin fistan ba sa iya riƙe duk iskar da ta ƙone a cikin silinda. Kaɗan na sulalewa ta gefen fistan ta gangara ɗakin ƙasa, inda ƙaranshaf ke juyawa a saman baƙin mai. Iskar nan ba mai tsabta ba ce. Akwai feturin da bai ƙone ba, da baƙar toka, da sinadarai masu cin ƙarfe, da ruwa mai yawa, domin duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana haifar da kimanin litar ruwa ɗaya a tururi. Salansa ke fitar da mafi yawansa, amma wanda ya sulale ƙasa sai an nema masa mafita. In ba a nema masa ba, ɓarna biyu zai yi. Zai cika ɗakin da matsi har ya turo mai waje ta duk inda ya samu rauni, sannan ya gauraye da man ya mai da shi laka.

Yawancin motocin da aka ƙera kafin 1960 bututu ne kawai gare su, ya sauko daga jikin injin, bakinsa a ƙarƙashin mota. Iskar da ke wucewa in ana gudu ita ke jan tururin waje. A tsaye ko a cunkoso kuwa ba ya jan komai, shi ya sa injinan wancan zamani ke saurin yin laka. A 1952 Arie Haagen-Smit, masanin sinadarai a jami'ar Caltech, ya nuna cewa hazon da ya addabi birnin Los Angeles yana tashi ne in rana ta bugi tururin fetur da hayaƙin injina. A 1961 jihar Kalifoniya ta kafa dokar mai da tururin nan cikin inji ya ƙone, zuwa 1968 rufaffen tsari ya zama dole a sababbin motocin Amurka duka, Turai ma ta sa shi a ƙa'idar hayaƙinta ta 1970. Na kawo wannan tarihi ne don hanya ta huɗu da za mu duba komawa ce ga bututun nan na da, da duk aibinsa.

Tsarin da ya maye gurbinsa ƙofa biyu gare shi. Ta ɗaya iska mai tsabta ke shiga murfin bawul daga bayan matatar iska. Ta ɗayar kuma manifol ke zuƙo tururin, ta cikin bawul ɗin PCV. Bawul ɗin ɗan ƙaramin abu ne, tsawon yatsa, da harshe da sifirin a ciki. A sulo manifol na zuƙa da ƙarfi alhali tururin kaɗan ne, sai zuƙar ta ja harshen ya kusa rufe hanya. In an taka totur zuƙar ta ragu, tururin ya ƙaru, sai sifirin ya turo harshen hanya ta buɗe. In wuta ta dawo baya cikin manifol, harshen ya rufe ruf don kada ta isa ɗakin mai. A taƙaice, wata kafa ce da aka bari iska ta riƙa shiga da gangan, kuma an auna ta daidai da wannan injin, kafireta ko kwamfutar motar ta san da zamanta.

Ta hanya biyu yake lalacewa, kuma alamominsu sun saba. In ya maƙale a buɗe, ko tiyonsa ya tsage, iska ta yi wa fetur yawa: sulo ya hau ko ya riƙa hawa da sauka, mota ta riƙa ɗaukewa, inji ya riƙa shan mai, fulogi su yi baƙi. Motocin da ke da OBD-II, tsarin kwamfuta mai nuna matsalar mota, wato na Amurka daga 1996 da na fetur a Turai daga 2001, sukan kunna wutar gargaɗi da lambar P0171 ko P0507. In kuma ya toshe, inji ya zama kamar wanda aka toshe wa hanci: sandar gejin mai ta riƙa tasowa da kanta, gasket da sil su fara zuba, mai ya koma ta ƙofar shiga ya jiƙa matatar iska, ƙarƙashin murfin mai ya yi farin maiƙo.

Abin da za a auna da shi

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi: hanyar tana kaiwa ga tushen ciwon, ko alamar kawai take ɓoyewa? Na biyu kuɗi, ba na ranar gyara kaɗai ba, har da man da za a riƙa ƙarawa da sil ɗin da za a sauya nan gaba. Na uku daɗewa. Na huɗu sauƙi, wato ko mai mota zai iya da filaya da sifana, ko sai an kai gareji. Na biyar haɗari, ga injin, ga waɗanda ke zaune a cikin motar, da kuma wajen gwajin hayaƙi a ƙasashen da ake yin sa.

Na farkon ba ya amsuwa sai da gwaji, kuma gwajin farko ba ya cin ko sisi. Bari inji ya ɗauki zafi yana sulo. Buɗe murfin zuba mai, ka ɗaure safar hannu ta roba a bakin ramin, ka riƙe ta da kyau kada a haɗiye ta. In ta ɗan lotsa ciki a hankali, numfashin injin lafiya lau, ka nemi matsalar sulo a wani wuri. In ta kumbura yatsunta suka miƙe, akwai matsi: ko hanya ta toshe, ko ringi sun saki. In kuwa tun wajen buɗe murfin ka ji kamar ana riƙe da shi daga ciki, ga wani fito siriri na tashi daga injin, to zuƙar ce ta yi yawa, bawul ya maƙale a buɗe ko robarsa ta yage.

Bayan haka zaro bawul ɗin PCV daga murfin bawul, ka bar shi haɗe da tiyonsa, ka ɗora babban yatsa a bakinsa. Ya kamata ka ji ya kama yatsan da ƙarfi, ka ji ƙas a ciki, sulo ya ɗan sauka. In babu zuƙa, ko bawul, ko tiyo, ko ɗan hancin da ke jikin manifol ya cushe da gawayi. Shi wannan hancin ana yawan mantawa da shi, a sa sabon bawul a kan toshasshiyar hanya a yi ta mamakin me ya sa babu sauyi. Gwajin da kowa ya sani, na girgiza bawul a ji ko yana ƙara, rabin amsa yake bayarwa. Wanda ya yi shiru yawanci ya mutu. Wanda ke kaɗawa kuwa yana iya zama sifirinsa ya gaji tuntuni.

Mai na'urar karanta kwamfutar mota yana da ƙarin shaida. In kwamfutar na ƙara fetur sama da kashi 10 cikin ɗari a sulo, amma ƙarin ya faɗi in an ɗaga injin zuwa juyi 2,500 a minti, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma tiyon PCV na cikin wuraren farko da za a duba.

Wankewa

Ita ce mafi arha, ba ta wuce kuɗin gwangwanin feshin wanke kafireta. A fesa wa bawul ta baki biyu har ruwan ya fito garau, a wanke tiyo, a zungure hancin manifol, a bar su su bushe. In danƙo ne kawai ya riƙe harshen, motar za ta dawo hayyacinta nan take. Sai dai feshi ba ya dawo wa sifirin da ƙarfinsa, ba ya ɗinke tiyon da ya tsage, kuma roba ko filastik ɗin da ya shekara ashirin yana shan zafi yakan ruguje a hannu tun wajen cirewa. Ni a wurina wankewa gwaji ce, ba gyara ba: in ta kawo sauƙi, ka gano ɓarawon, sai ka sayi sabo.

Akwai inda ita ce gyaran kanta. Wasu injina ba su da bawul mai harshe, ɗan rami ne kawai da aka auna faɗinsa, kamar injin Jeep mai lita 4.0. Nan babu abin da zai gaji, toshewa ce kaɗai. A wanke ramin, amma kada a kuskura a faɗaɗa shi da ƙusa ko waya mai kauri, domin faɗin nan shi ne ma'aunin. Tsofaffin motocin kafireta kuma da yawa suna da ragar ƙarfe ko ɗan soso a ƙofar shiga, shi ma wankewa ko sauyawa yake so.

Sauyawa da sabo

Ga mafi yawan tsofaffin motoci nan amsar take, amma akwai sharuɗɗa, kuma a kan sharuɗɗan ake faɗuwa.

Na ɗaya, bawul ɗin ya zama na wannan injin. Bawuloli biyu na iya zama iri ɗaya a ido, zare ɗaya, kauri ɗaya, su shiga rami ɗaya, amma sifirinsu da siffar harshensu daban. Wanda aka yi wa babban inji in aka sa wa ƙarami, ya zama ɓarauniyar hanyar iska sabuwa fil, sulo ya hau, mai ya riƙa tafiya. Akasin haka kuma matsi ya taru. Don haka da lambar kayan ake saye, ba da kamanni ba. A nan ne kuma nake ganin bai kamata a yi rowa ba. Tazarar kuɗi tsakanin na kamfanin motar da na kwaikwayo a wannan ɗan abu ba ta taka kara ta karya ba, araha kuwa ba ta ado. Na kwaikwayo da yawa an yi su ne don su shiga motoci iri-iri, wato ba a auna su da ko ɗaya ba.

Na biyu, a sauya tiyo da robar da bawul ke zama a ciki tare da shi. Tsohon tiyo yana da halaye biyu: ko ya bushe ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, ko ya yi laushi har zuƙar sulo ta manne shi ya rufe kansa. Na biyun yana da wuyar kamawa, don in inji na kashe tiyon a buɗe yake, lafiya ƙalau. Matsa shi da yatsa injin na aiki za ka gane. Kuma ba kowane tiyo ake sawa ba. Na ruwan lagireto ba ya jure mai, wata kaɗan zai kumbura ya narke. A nemi wanda aka yi don mai da zuƙa.

Na uku, in hanyar ta daɗe a toshe, a juye baƙin mai da matatarsa, don wanda ke ciki ya riga ya sha ruwa da fetur.

Sauƙin aikin ya danganta da motar. A Corolla da Camry na shekarun 2000 bawul ɗin a jikin murfin yake da zare, sifana ɗaya ta isa. A motocin Turai da dama labarin daban ne. Injinan BMW masu silinda shida irin M54, da na Volvo masu silinda biyar, suna da akwatin raba mai da tururi a ɓoye ƙarƙashin manifol, da tiyoyi da dama. Injinan Volkswagen da Audi masu turbo kuma faifan roba ne ke daidaita zuƙar, in ya yage sai fito da rawar sulo. A irin waɗannan kuɗin aiki ya fi na kaya, kuma wauta ce a buɗe wurin a sauya abu ɗaya a bar sauran tsofaffin tiyoyin, domin za a sake buɗewa. Faifan robar nan kuma ba a fesa masa maganin wanke kafireta, ƙarasa shi zai yi.

Wajen daɗewa, shawarar da aka fi ji ga bawul mai sifirin ita ce a duba shi ko a sauya tsakanin kilomita 30,000 da 80,000, littafin motar shi ne alƙali. Motar da ake juye wa mai a kan lokaci bawul ɗinta na wuce haka. Abu ɗaya da ya kamata mai mota ya sani tun da wuri: sabon bawul yana tsayar da tsattsafar da matsi ke jawowa, amma sil ɗin ƙaranshaf da ya riga ya fita daga mazauninsa ba ya komawa da kansa. Sai dai a bi tsari, numfashi tukuna, sil daga baya. Wanda ya sauya sil ya bar hanya a toshe zai sake sayen sil.

Gwangwanin tare mai

Gwangwani ne da ake sawa tsakanin bawul da manifol. Tururi ya shiga, ya bugi faranti ko raga a ciki, mai da ruwa su zauna a ƙasa, iska ta wuce. Amfaninsa gaskiya ne: man da ke shiga manifol yana ɓata fulogi, yana sa inji ƙwanƙwasa, yana kuma kashe matatar hayaƙi da sansar salansa a hankali. Inda ya fi amfani shi ne injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, don a can babu feturin da ke wanke bayan bawul ɗin shan iska, gawayi na taruwa. Tsohuwar mota mai kafireta ko mai nozul a manifol kuwa fetur na wanke wurin kullum, ribar kaɗan ce.

Babban abin lura shi ne gwangwani ba ya gyara komai. Mataccen bawul mataccen ne ko da gwangwani a gabansa. Ya kuma zo da nasa nauyin. Dole a riƙa juye shi, in ya cika inji zai zuƙe abin da ke ciki gaba ɗaya. Kowace mahaɗa da aka ƙara wata kafa ce da iska za ta iya shiga. Mai arha wanda babu faranti a cikinsa kusan ado ne kawai, mai siraran hanci kuma yana shaƙe hanyar ya haifar da matsin da ake gudu. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, abin da ya taru yakan zama ƙanƙara ya toshe hanyar. Kuɗinsa ya ninka na bawul sau da dama.

Zare tiyo a saki waje

Dole a yi wa wannan hanya adalci, don ba banza mutane ke yin ta ba. In bawul ya maƙale a buɗe aka toshe hancin manifol, rawar sulo tana tsayawa a take. In inji na tura mai cikin manifol aka saki tiyon waje, shuɗin hayaƙin salansa na raguwa, fulogi su daina jiƙewa. Mai mota ya ga sauyi da idonsa, bai kashe komai ba. Wa zai ce masa ba a yi gyara ba?

An gudu ne ba a tsira ba. Tunda babu zuƙa, babu abin da ke share ɗakin ƙaranshaf. Tururi na fita ne kawai in matsi ya tura shi, ruwa da fetur kuwa su zauna cikin mai, musamman a motar gajerun tafiye-tafiye wadda man cikinta ba ya yin zafin da zai ƙone ruwan. Laka ta taru, ta toshe ragar famfon mai, daga nan sai metal, wato ƙarafunan da ƙaranshaf ke juyawa a kansu, su lalace. Sannan ɗakin nan ba fitarwa kaɗai yake yi ba. Hawa da saukar fistan na sa shi ja da turawa, don haka buɗaɗɗen tiyo marar matata yana shan ƙura kai tsaye zuwa cikin mai. Warin tururin na shiga ɗakin fasinja ta hanyar iskar fanka. Man da ke ɗiga in ya samu bututun salansa mai zafi, gobara ba ta da nisa. A inda ake gwajin hayaƙi kuwa motar ba za ta wuce ba, a Amurka ma dokar tsabtar iska ta haramta cire irin wannan na'ura.

Akwai kuma rabin-da-rabi da ya fi kowanne rikita mota: a bar bawul haɗe da manifol, a zare tiyon shiga, a ɗora wa murfin ɗan ƙaramin matatar ado. A motar da ke da sansar MAF, wadda ke ƙidaya duk iskar da ta shiga inji, wannan iska ce da ba a ƙidaya ba. Kwamfuta ta ba da fetur kaɗan, sulo ya lalace, wutar gargaɗi ta kama, a shiga sauya nozul da fulogi da ba su yi laifin komai ba. Motar kafireta ma in an toshe mata hancin manifol, iskar da aka saba lissafawa ta ɓace, fetur ya yi yawa a sulo, sai an sake saiti.

Sauke inji

In an buɗe hanya, an sa bawul daidai, amma safar hannun nan ta ci gaba da kumbura, tururi na fita fuf-fuf daga ramin mai daidai da bugun injin, to tururin ya fi ƙarfin kowane bawul. Ko a nan ma kada a sauke inji da ido. A auna kwamfireshan. Bambanci tsakanin silinda bai kamata ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata ɗan mai ta ramin fulogi a sake aunawa: in allura ta tashi sosai, ringi ne, in ba ta motsa ba, a duba bawulolin shiga da fitar iska na silindar ko gasket ɗin kan silinda. Gwajin hura iska cikin silinda ya fi wannan faɗin gaskiya, don za a ji inda iskar ke fita, in ta ramin mai ne magana ta ƙare.

A kula da masu kama da juna. Shuɗin hayaƙi da safe wanda ke ɗaukewa bayan minti kaɗan ya fi kama da robobin sandar bawul, ba ringi ba. Farin maiƙo a murfi tare da raguwar ruwan lagireto kuwa gasket ake zargi, ba numfashi ba.

Sauke inji ita ce hanya mafi tsada nesa ba kusa ba, tana cin kwanaki, kuma sakamakonta na hannun mai aikin. Sababbin ringi a cikin silindar da ta riga ta faɗaɗa ba sa daɗewa. Amma in an yi ta yadda ya kamata, ita kaɗai ke maganin gajiyayyen inji. Mai mai kauri da magungunan da ake zubawa cikin mai suna iya rage hayaƙi na ɗan lokaci, ba sa mayar da ƙarfen da ya cinye.

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari | Abin da take magancewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Wankewa | Kaɗan ƙwarai | Watanni. A inji mai rami kawai, shekaru | Mai mota zai iya | Tsohuwar roba na iya karyewa | Danƙo da toshewa |
| Sabon bawul da tiyo | Kaɗan. Matsakaici in yana ƙarƙashin manifol | Shekaru | Daga minti kaɗan zuwa yini | Sa wanda ba na injin ba | Maƙalewa, tsagewa, toshewa |
| Gwangwani | Matsakaici | Yana daɗewa in ana juyewa | Sai an iya haɗa tiyo | Cika, shaƙewa, shigar iska | Mai a manifol kawai |
| Zare tiyo | Babu a yau, mai yawa daga baya | Har mai ya yi laka | Mafi sauƙi | Ƙura, laka, wari, gobara, doka | Ɓoye alama |
| Sauke inji | Mafi yawa | Shekaru masu yawa in an iya | Sai gwani | Aikin ha'inci | Ringi da silinda |

Wa ya dace da wace

Mai motar hawa ta yau da kullum, wadda ta fara rawar sulo ko tsattsafar mai amma ƙarfinta na nan, ya sayi bawul na asali da tiyo da roba, ya zungure hancin manifol, ya juye mai. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san tarihinta ba, shi ma ya yi hakan ko babu alama, tunda abin ba tsada gare shi ba. Wanda bai samu bawul ɗin injinsa ba tukuna ya wanke tsohon ya mayar, ya fi a sa baƙo. Mai inji mai rami kawai, wankewa da sabon tiyo sun ishe shi.

Mai motar Turai mai akwatin raba mai ko faifan roba ya sayi cikakken saiti a yi aikin sau ɗaya, kuma kada ya ja lokaci in ya ji fito, don zuƙa mai yawa tana lalata sil kamar yadda matsi ke yi.

Gwangwani na mai lafiyayyen inji ne da ke fesa fetur kai tsaye, ko mai turbo da ake wa aiki mai nauyi, kuma mai halin buɗe bonet a kai a kai. Wanda ba ya duba gejin mai sai wuta ta kama, ya bar shi.

Zare tiyo tana da wuri biyu. Ɗaya a kan hanya, tiyo ya fashe, a toshe hancin manifol a lallaɓa zuwa gareji. Ɗayan kuma inji ne da gwaji ya tabbatar ya gaji, mai shi na tara kuɗin aiki ko na wani injin. Ko shi ɗin kada ya saki tiyon tsirara. Ya kai shi cikin gwangwani mai matata a ka, nesa da salansa da inda fanka ke ɗibar iska, ya kuma rage tazarar juyen mai. Injin dizal da ke tura mai da yawa ta tiyon numfashi kuwa ba a lallaɓa shi, domin yana iya kama man nan ya mai da shi abin ƙonawa, ya yi ta hawa ko an kashe makulli.

Sauke inji na wanda ya riga ya gyara numfashi, ya auna kwamfireshan, lambobin suka nuna ringi, sannan jikin motar da giyarta suna da sauran rai da zai biya kuɗin. In gangar jikin ta ruɓe, giya na zamewa, gara a kwatanta kuɗin aikin da na wani injin da aka gwada, ko da na sauya motar.